Shuɗin da ba a marina aka yi shi ba

Jiya a gidan suna wata ta ce wai wasu faɗa-wuta ne, kullum dare suna gindin fitila da allura, ita kuwa malam-buɗe-littafi ce. Saƙo ya iso. Ban kama suna ba, mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Tunda abin na ƙwari ne, mu je. A dazukan Amazon, can ƙasar Burazil, akwai malam-buɗe-littafin da ake kira Mofo. Faɗin fikafikansa inci 5 zuwa 8, shuɗi shar, har ya fi turkuɗin Kura ɗaukar ido. Amma babu ɗigon baba a jikinsa, 'yar'uwa. Wasu 'yan ɓawo ne ƙanana a kan fiffiken ke wasa da hasken rana. Ki murje su, garin ƙasa-ƙasa za ki gani a yatsa. Da ya sauka ya rufe littafin, sai launin busasshen ganye. Ga abin da ya fi ba ni takaici: duk kyan nan, ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da suka faɗo ƙasa yake tsotsa. Yawon nasa ma mako 2 ne zuwa 3.

Faɗa-wutan da kika raina fa, a danginta akwai mai kwana a kurmin doka da tsamiya. Ba ta da ado, ba ta fita sai dare. 'Ya'yanta tsutsotsi su taru da yawa su saƙa gida ɗaya, ba mai cewa ni na fi. Gidan nan shi kakanninmu ke cirowa su dafa da toka, su kaɗa da mazari, ya zama zaren tsamiya. Kakata ta kaɗa shi a garin nan, hannunta har kanta ya yi. Da shi ake aikin aska takwas a wuyan rigar hakimi, rigar da uba ke barin wa ɗa, ɗa ya bar wa jika.

Ni da fitilar nan na ɗinka hulunan da suka biya kuɗin makarantar ƙannena biyu, ban taɓa aika yaro gidan kowa da kwano ba.

Af, mai leshin nan ta ce a tuna wa wadda ta ara: ranar Juma'a za ta biki Gezawa, a wanke a goge kafin a mayar.