Jirgin ƙasa mai tsawon tafin hannu

Shawarar da masu wasan ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da tururi a Ingila ke ba sabon shiga ita ce ya fara da mafi sauƙi: kan jirgi mai hawa diga mai faɗin milimita 32, tukunyar tururi ɗaya ba bututu a cikinta, silinda ɗaya mai lilo, wutar sifirit a ƙasa. Na bi shawarar sau da ƙafa. Sai dai a can mutum waya zai ɗaga a kawo masa kaya har ƙofa, ni kuwa sai da na zaga masu gyaran firiji da masu walda ina bayanin cewa jirgin ƙasa nake ƙerawa. Wani ya tambaye ni tashar da zan ajiye shi. Na nuna masa tsawon tafin hannuna. Ya dube ni, ya dubi yaronsa, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Malam."

Tukunya ita ce uwar aikin. Na sami bututun jan ƙarfe mai faɗin milimita 42, kaurin bango 1.2, na yanke tsawon milimita 100. Jan ƙarfe zalla ake so. Tagullar da aka haɗa da tutiya ba ta yi, don ruwan zafi yana zuƙe tutiyar sannu a hankali har ƙarfen ya rube daga ciki alhali waje yana ƙyalli. Murafen gefe biyu daga falle mai kauri 1.6 na yanko su. Kafin a lanƙwasa musu baki a kan katako sai an gasa su sun yi ja an tsoma a ruwa, kuma da zarar guduma ta fara tsalle a kansu to sun sake taurara, a mayar wuta. Wanda ya yi gardama ya ci gaba da duka, baki ya tsage.

Wajen liƙi ne kowa ya zama malami. Mai gyaran rediyo ya ce in kawo ya ɗiga mini dalma. Dalmarsa tana narkewa a wajen digiri 185, ruwan tukunya kuma a matsin aikinta na psi 30 yana kai digiri 134. A takarda akwai rata, amma dalma tana saki tun kafin ta narke, kuma ranar da ruwa ya ƙare wuta tana ci, murfi zai yi sallama. Waldar azurfa ake so, mai kashi 55 cikin ɗari, wadda ke gudu tsakanin digiri 630 da 660. Ita ba cike rami take ba, tsotsuwa take cikin haɗi, don haka a bar mata rata kamar milimita 0.1, a goge wurin tas, a shafa hodar liƙi.

Na kai wa wani mai walda. Na ce masa jan ƙarfe yana kwashe zafi ya watsa ko'ina, a kewaye tukunyar da bulon wuta, a dumama ta gaba ɗaya da babban harshen gas, zafin ƙarfen ne zai narkar da azurfar, ba wutar ba. Ya ce, "Oga, tun kana makaranta nake walda." Ya kunna siririyar wutarsa ta kabaid ya kafa ta wuri ɗaya. Azurfa ta dunƙule ta ƙi shiga, hoda ta ƙone ta yi baƙi, can sai ga taga ta buɗe a gefen tukunya. Ya leƙa ta ciki ya ce bututun ne jabu. Kuɗin aikinsa kuwa bai rage ko sisi ba. Ta biyun a gida na liƙa da tukunyar gas ɗin girki, ranar da aka ci kwaɗon zogale da rana ba don ana marmarinsa ba. Bayan ta huce na jiƙa ta cikin ruwan lemon tsami ta kwana, ta fito ja jawur, zaren azurfa ya zagaye kowane haɗi.

Gwajin tukunya da ruwa ake yi, a cika ta maƙil ba iska ko kaɗan, a matsa da famfo zuwa ninki biyu na matsin aiki, wato psi 60, a bar ta a ga ko allurar geji za ta sauka. Mai facin unguwarmu ya yi tayin ya ɗura mata iska da injinsa kyauta. Na ƙi. Ruwa ba ya matsuwa, in haɗi ya saki ɗigo kawai zai yi. Iska kuwa tana tara ƙarfi, in ta sami hanya da gutsattsarin ƙarfe take fita.

Injin kansa ɗan abu ne: silinda mai rami milimita 8, fistin yana tafiyar milimita 12, ƙofofin tururi milimita 1.5. Silindar tana lilo a kan wata fuska, lilon ne ke buɗe ƙofar shiga ya rufe ta fita. Fuskokin nan biyu sai an goge su a kan gilashi da takardar yashi mai laushi, lamba 600 sannan 1200, har su manne. Sifirin da ke danne su kuma yana da rigima: in ya yi sako-sako tururi ya tsere ta gefe, in ya yi tauri injin ya kasa juyawa. Na sa giya mai rage gudu huɗu zuwa ɗaya tsakanin injin da ƙafafu. Da na hura masa iska da famfon keke sai ya kama juyi yana ƙara mai daɗi, har uwargida ta leƙo ta ce, "Ashe dai yana motsi."

Wannan motsin ne ya sa na gayyaci Kawu. Kawu tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya ga kawunan jirgi masu cin kwal da idonsa, kuma ba a minti goma da shi bai tuna wa mutum cewa jirgi ya iso Kano a 1911 ba. Ya zo bayan sallar Juma'a da farar babbar riga. Na shimfiɗa diga a tsakar gida, da'ira, a kan ƙananan katakai. Yaran maƙwabta suka cika zaure.

Tukunyar tana cin kusan mililita 120, ƙa'ida a zuba 90 a bar wa tururi wuri. Ruwan sama na tace, don na rijiya yana barin farin dutse a ciki ya toshe ƙananan hanyoyi. Ina can ina ɗura sifirit, ɗana ya ga tukunya ba ta cika ba ya taimaka mini da sirinji. Na kunna lagwani uku. Shiru. Iskar hunturu tana kwantar da harshen wutar gefe, ga sifirit ɗin kemis ruwa ya yi masa yawa. Kawu ya duba agogo ya ce, "A zamaninmu ma jirgi yana latti, ɗana, amma ana jin hucinsa." Na kare wutar da murfin kwano, na canja sifirit. Bawul ɗin tsaro ya fara tsartuwa.

Na buɗe tururi, injin ya ƙi. Abin da iska ba ta nuna wa mutum ke nan: tururi na shiga silinda mai sanyi yake komawa ruwa, ruwa kuma ba ya matsuwa, sai fistin ya cije. Maganin a tura jirgin gaba da baya da hannu har silinda ta ɗau zafi ta amayar da ruwan. Kawu ya sunkuyo daidai bakin bututun hayaƙi yana nuna mini inda direba ke tsayawa. A nan taimakon ɗana ya bayyana. Tukunyar da ta cika fiye da kima ruwa take turowa tare da tururi, ya bi ta cikin ɗan kaskon mai ya kwaso man tururi, mai kaurin nan lamba 460 da aka yi shi don kada zafi ya wanke shi. Duka suka fito ta sama. Tun daga aljihun rigar har aikin wuya.

Kafin Kawu ya gama salati jirgi ya tashi. Kan jirgi ba tarago ba abin da ke riƙe shi, ko da giyar. Ya zagaya rabin da'ira, ya iso kwana, ya ga ba dole, ya miƙe. Ya kife kusa da turmi, sifirit ya malale. Wutar sifirit da rana ba a ganinta. Muna tsaye muna duban jirgi, sai ƙanshin katako ya taso, sannan na roba, sannan Kawu ya fara wata rawa da ban san ya iya ba, takalmi ɗaya a hannu. Jiƙaƙƙen tawul da na ajiye a bokiti shi ya kashe ta. Yara suka yi tafi, wani ya ce a sake.

Gyaran bai da yawa. Na yi wa wutar shinge da gwangwani mai ramukan iska a ƙasa, na rage tankin sifirit yadda zai ƙare kafin ruwa ya ƙare, na ɗaure wa jirgin tarago biyu cike da noti, na faɗaɗa kwanar. Yanzu yana jan kayansa a natse, yana fitar da farin tururi da safe. Wanki biyu bai fitar da man daga rigar ba, don haka shadda yadi goma ta shiga lissafin kuɗin jirgi, ta fi tukunya da injin tsada. Kawu ya aiko a gaya mini zai zo ya ga tafiyar, amma daga kan katanga, kuma a tabbatar yaron nan yana makarantar allo.