Amsa-amo daban, kari daban

Wani ɗalibi ya nuna min waƙar da ya rubuta kan bakin teku a Legas, kowane ɗango, wato layin waƙa, ya ƙare da "wa", ruwa, iskar hunturu na kaɗawa, igiya na tasowa, wai shi ke nan karin waƙa ya zauna. A'a malam, wannan amsa-amo ne kawai, wato ƙafiya, harafin da ke maimaituwa a ƙarshen ɗango.

Kari kuwa a cikin ɗangon yake, kuma ba ƙirga gaɓoɓi ake yi ba, nauyinsu ake aunawa. Ɗauki ruwa da yashi, duk gaɓa bibbiyu ne amma "ru" gajere ne "wa" dogo, shi kuwa yashi duka biyun dogaye ne, to in ka musanya su a ɗango sai ka ji rerawar ta yi tuntuɓe ko da ƙafiyar na nan lafiya lau. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali shi ya sa dole sai ka furta da baki.

Abin dariya ma, Khalil bin Ahmad na Basra da ya tsara arulin Larabci, wato ilimin auna karin waƙa, a ƙarni na 8, sunan da ake kiran kowane kari a iliminsa shi ne bahar, wato teku.