Ido yana ƙarya, a ba yara rula su kama shi

Malaman lissafi, ku yi haƙuri, yau da ku nake. Yaro ya haddace cewa kusurwoyin alwatika digiri 180 ne, ya rubuta a jarrabawa, ya ci, amma bai taɓa jin yana bukatar auna wani abu don kansa ba. Awar zane kuma a makarantu da yawa ta zama ta hutu, ko a kora yara sharar fili.

Ku gwada wannan. A ja layi biyu a allo, tsawonsu ɗaya cif. Na sama a yi masa kan kibiya a kowane baki, na ƙasa a juya masa su, su buɗe waje kamar wutsiyar kifi. Sai a tambayi aji wanne ya fi tsawo. Har rantsuwa za ka ji, wai na ƙasa ne. Malam, kada ka ce uffan. Bari gardama ta yi zafi, da kansa wani zai zaro rula daga jaka ya fito gaban allo. Wani Bajamushe, Müller-Lyer, ya fito da wannan zane a 1889, kuma ko bayan ka auna, idonka ba ya saduda. Nan daɗin yake. Yaron ya gano dalilin awo ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Daga nan sai layin dogo: ƙarafan biyu ba sa haɗuwa, me ya sa suke tsukewa a nesa? Dabarar nuna nisa irin haka a zane, Brunelleschi, wani mai tsara gine-gine, ya tsara wa masu zane a birnin Florence na Italiya a ƙarni na 15. Tun kafin shi, kusan shekara 1000 da suka wuce, masanin kimiyya Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya nuna cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, ya kuma yi dogon bayani kan kurakuran gani. Ɗalibanmu nawa suka san sunansa?

Ba ma sai an je nesa ba. Mai ɗinkin hula ƙirga zare yake yi don dama ta dace da hagu. Dagin da ke bangon tsofaffin gidajen Zariya, a sa yaro ya zana shi a takarda mai gida-gida, ya nemo inda za a naɗe shi biyu ya faɗa daidai.

Na san za a ce manhaja ta yi yawa, ga WAEC. To, alli ne da rula da minti 10. Shugabannin makarantu, ko sau ɗaya a zango ku haɗa malamin zane da na lissafi a aji guda.