Fontaines D.C.: Samarin Dublin da Suka Shiga Duniya da Harshen Unguwarsu

Tun da na fara sanya waƙoƙin Fontaines D.C. a wannan shafi, abokai da dama sun yi mini tambaya iri ɗaya, wasu cikin zolaya, wasu kuma da gaske: me Bahaushe ya ji a cikin wannan hayaniyar jita, wadda mai waƙar ma kamar cacar baki yake yi da wani a bakin titi? Amsar ba ta shiga layi biyu, shi ya sa yau na zauna in rubuta ta a tsanake. A ganina, cikin ƙungiyoyin makaɗan jita da suka taso a Turai a 'yan shekarun nan, babu wadda ta kama ƙafar waɗannan samari biyar na ƙasar Ireland, duk da cewa akwai waɗanda suka fi su gwanintar yatsu da zaƙin murya. Abin da suka fi kowa da shi shi ne sun fita kasuwar duniya da karin harshen garinsu da damuwar garinsu, ba su wanke ko ɗaya ba don su burge baƙo, kuma a haka duniya ta saye su.

Salon kiɗan da ake jingina su da shi ana kiransa post-punk, wato kiɗan da ya biyo bayan punk. A shekarun 1976 da 1977 ne kiɗan punk ya ɓarke a Landan ta hannun ƙungiyoyi irin su Sex Pistols da The Clash, da waƙoƙi gajeru masu gudu da fushi, na matasan da suka gaji da rashin aikin yi da kuma manyan mawaƙan da suka yi nisa da talaka. Wutar kara ce, domin Sex Pistols ta watse tun a watan Janairun 1978. Waɗanda suka zo bayansu, irin su Joy Division da The Fall daga yankin Manchester, da Gang of Four daga Leeds, da Public Image Ltd, sun riƙe fushin amma sun rage gudun, suka kuma buɗe kunnuwansu ga kaɗe-kaɗen wasu ƙasashe. Daga Jamaika aka ɗauko nauyin babbar jita mai kaurin amo wadda ake kira bes, a Amurka kuwa ƙungiyar Talking Heads ta gina kundinta na 1980, Remain in Light, a kan tsarin kiɗan Fela Kuti na Legas. Don haka duk ɗan Najeriyar da ya ji ƙamshin gida a wani lungu na wannan salo, kunnensa bai yaudare shi ba.

Su Fontaines D.C. sun haɗu ne a wata kwalejin koyon kiɗa mai suna BIMM da ke unguwar Liberties, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin talakawa na Dublin, babban birnin Ireland. Grian Chatten ne mai waƙa, Carlos O'Connell da Conor Curley suna kaɗa jita, Conor Deegan yana riƙe da bes, Tom Coll kuma yana kan ganguna. Abin da ya fara haɗa kansu shi ne son rubutacciyar waƙa, har sun buga ƙananan littattafan waƙoƙi guda biyu kafin duniya ta san su da kiɗa. Haruffan D.C. da ke wutsiyar sunansu suna nufin birnin Dublin ne, sun ƙara su saboda akwai wata ƙungiya a Los Angeles mai irin sunan. Abin dariya a nan shi ne yawancinsu ba 'yan asalin birnin ba ne: Deegan da Coll daga gundumar Mayo suke, Curley daga Monaghan, O'Connell ya girma a Madrid, shi kuwa Chatten a Ingila aka haife shi, ya tashi a Skerries, wani garin bakin teku a arewacin Dublin. Ina zargin wannan ne ma ya ba su idon ganin birnin da kyau, domin ɗan gari yakan wuce abin da baƙo zai tsaya ya ƙura wa ido.

Kundinsu na farko, Dogrel, ya fito a watan Afrilun 2019. Sunan ya samo asali ne daga kalmar da Turawa ke kiran waƙar talakawa marar tsari da ita, irin wadda masana adabi ke yi wa kallon raini, su kuwa suka ɗauki zagin suka mayar da shi kirari. Mutanen da ke cikin waƙoƙin su ne direban tasi mai ƙin jinin Ingila, da yaro mai burin zama babban mutum, da mazauna titunan da tsadar haya ke korar masu su na asali. Chatten yana rera su da tsantsar karin harshen Dublin, alhali al'adar da aka gada a kiɗan jita ita ce mawaƙi, ko daga ina ya fito, ya lanƙwasa harshensa ya koma kamar Ba'amurke. A nan ne nakan tuna marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda da kuntigi ɗaya tal ya mayar da yaran mota da sauran 'yan ƙwadago abin waƙa, a lokacin da yawancin makaɗa suka fi karkata ga fada da masu hannu da shuni. Ba ina cewa kiɗan nasu ya yi kama ba, domin sun yi hannun riga. Wurin da suka tsaya suna kallon jama'a ne iri ɗaya.

Akwai kuma yadda aka gina kiɗan kansa, wanda shi ne mutane suka fi kira hayaniya. Idan ka saurara da kyau za ka ji cewa bes da ganguna suna kafa zango ɗaya gajere suna ta maimaita shi ba gajiya, jitocin nan biyu suna shiga suna fita kamar masu gardama, murya kuma tana tafiya a sama tsakanin magana da rerawa, tana ɗaukar layi ɗaya ta nanata shi har sai ma'anarsa ta juya. Kunnen da ya tashi da kalangun Shata da 'yan amshinsa ya san wannan dabara sarai: kiɗa ya tsaya daram a wuri ɗaya domin magana ta samu filin yawo, kuma maimaici ba ƙarancin basira ba ne, hanya ce ta dasa zance a zuciya. Dan Carey, wanda ya naɗi kundinsu uku na farko, ya bar su suna kaɗawa tare kamar a gaban jama'a maimakon a ɗauki kowa shi kaɗai a liƙa daga baya, shi ya sa ake jin numfashin mutane biyar a cikin sautin. Dogrel ya shiga jerin kundayen da aka zaɓa don takarar kyautar Mercury ta Birtaniya a shekarar da ya fito.

Kundi na biyu, A Hero's Death, ya fito a watan Yulin 2020, ana tsakiyar annobar korona. Sun ƙi maimaita abin da ya kawo musu suna, suka yi waƙoƙi masu sanyin tafiya da duhun zuciya, na mutanen da yawon wasanni ya gajiyar har suka fara mance ko su wane ne. Ya kai su takarar Grammy, amma ni shi ne wanda na fi jinkirin komawa gare shi.

Wanda ya kama ni ya ƙi saki shi ne na uku, Skinty Fia, na watan Afrilun 2022, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jerin kundayen da aka fi saye a Birtaniya da Ireland. Kafin lokacin sun koma Landan da zama, kuma kundin gaba ɗaya waƙar ɗan ci-rani ce. Ci-rani tsohon ciwo ne ga mutanen Ireland, domin yunwar da ta afka musu tsakanin 1845 da 1852, suna ƙarƙashin mulkin Birtaniya, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kuma kori kimanin wasu miliyan ɗaya zuwa ƙetare, harshensu na gado ya yi ta ja da baya har ya zamana a yau, duk da cewa shi ne harshen hukuma na farko a tsarin mulkinsu, tsiraru ne ke magana da shi yau da kullum. Waƙar da ta buɗe kundin tana ɗauke da suna a wannan harshe, In ár gCroíthe go deo, ma'ana a cikin zukatanmu har abada, kuma labarin da ke bayanta ya isa a tsaya a kansa. Wata dattijuwa 'yar Ireland ce ta rasu a Coventry bayan ta shafe shekaru masu yawa tana zaune a Ingila, iyalanta suka nemi a rubuta waɗannan kalmomi a kan dutsen kabarinta. A shekarar 2020 kotun Cocin Ingila ta yankin ta ce ba za a rubuta ba sai an haɗa da fassarar Turanci, wai kada masu wucewa su ɗauka wani taken siyasa ne. Sai da iyalan suka ɗaukaka ƙara kafin a soke hukuncin a 2021.

Ka tsaya ka auna wannan. Kalmomin ƙauna ne na 'ya'ya ga mahaifiyarsu, amma don kawai an faɗe su da harshen mutanen da aka taɓa mulka, sai hukuma ta ji su kamar barazana. Duk wanda aka taɓa yi wa bulala a firamare don ya yi Hausa a aji, ko aka taɓa kallonsa sama da ƙasa a wani birni don an ji karin harshensa a waya, ba ya buƙatar a fassara masa wannan waƙa. Samarin ba su yi wa'azi a kanta ba, sun dai jera muryoyinsu kamar na masu zaman makoki suna maimaita kalmomin nan da aka so a hana, bes yana gurnani a ƙarƙashi.

Abin da ya ƙara musu daraja a idona shi ne kewar gida ba ta rufe musu ido daga aibin gida ba. A waƙar I Love You, wadda ke farawa kamar waƙar soyayya, masoyiyar ita ce ƙasar Ireland, kuma kafin a kai ƙarshe muryar ta rikiɗe ta koma tuhuma, har ta ambaci biyu daga cikin manyan jam'iyyun ƙasar, Fianna Fáil da Fine Gael, da sunansu. Waƙar ta taɓo abin kunyar garin Tuam, inda aka yi wani gida da mata masu hidimar coci suka gudanar daga 1925 zuwa 1961 don matan da suka haihu ba aure, kuma inda wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, ta gano takardun mutuwar yara 796 waɗanda babu shaidar inda aka binne su. Mawaƙin da ke zaune a ƙasar da ta mulki kakanninsa yana da kowane uzuri na ya yi ta yabon gida yana zagin baƙi. Chatten ya zaɓi ya so ƙasarsa kuma ya tsare ta da tambaya a waƙa ɗaya, har da laifin da yake ji na barinta. Wannan ya fi kishin ƙasa na tuta da take wuya nesa ba kusa ba.

Ba zan ɓoye abin da za a iya kushe su da shi ba. Muryar Chatten ba ta da zaƙi, wani lokaci takan tsaya a sauti ɗaya har mai sauraro ya ƙosa, kuma wanda ya saba da waƙoƙin soyayya masu santsi zai sha wuya a sauraron farko. Duniyar waƙoƙinsu cike take da mashaya da giya da sigari, abin da bai dace da tarbiyyar yawancinmu ba, kuma ban ga laifin wanda ya ce wannan kaɗai ya ishe shi ya kauce ba. Ni dai ina sauraronsu ne kamar yadda nake karanta labarin wata al'umma, ba don in kwaikwayi rayuwarta ba.

Sai kuma maganar Romance, kundi na huɗu, wanda ya fito a watan Agustan 2024 bayan sun koma kamfanin XL Recordings, suka kuma ɗauki James Ford a madadin Dan Carey. A nan sun sauya shiga, sun sauya launi, sautin ya faɗaɗa ya zama na manyan filaye, Dublin kuma ta ja baya daga cikin waƙoƙin. Tsofaffin masoyansu da yawa sun ce wannan ba post-punk ba ne kuma, kuma suna da gaskiya, sai dai su samarin ba su taɓa ɗaure kansu da wannan suna ba. Akwai waƙa ɗaya a ciki, Starburster, wadda ta samo asali daga wani firgici da ya kama Chatten a tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a Landan har numfashinsa ya sarƙe, kuma sun mayar da wannan jan numfashi na mai shaƙewa wani ɓangare na kiɗan. Ƙungiyar da za ta iya wannan ba ta mutu ba. Duk da haka ina jin an rasa wani abu, domin a Dogrel kana iya jin ƙamshin titin da ake magana a kansa, a Romance kuwa waƙoƙin za su iya faruwa a kowane babban birni. Sun lashe kyautar Brit ta Birtaniya a rukunin gwarzuwar ƙungiyar ƙetare a 2023 da kuma 2025, kuma girman nan bai hana su ɗaga maganar Falasɗinu a dandalin wasanninsu da tara kuɗi don agajin Gaza ba, a lokacin da mawaƙa da yawa suka yi gum don tsoron kasuwa.

Ga wanda yake son gwadawa, shawarata ita ce kada ya fara da Romance duk da cewa shi ne mafi sauƙin shiga kunne. Ya fara da Dogrel don ya san daga ina suka fito, sannan ya nemi daren da gari ya yi tsit, ya sa abin saurare a kunne, ya kunna waƙar farko ta Skinty Fia yana riƙe da labarin kabarin nan na Coventry a ransa, ya kuma yi haƙuri har zuwa inda ganguna ke shigowa bayan an daɗe ana jiransu.