Alhaji da Silifan Baƙi a Warso

Daren 24 ga Disamba, jajiberin Kirsimeti, a Warso babban birnin Folan, hawa na huɗu, ƙofar gidan tsohuwar da Bazazzagi ɗalibi yake haya a wurinta. Alhaji na Kantin Kwari yana haki, da babbar riga a ƙarƙashin kwat.

Bazazzagi: Alhaji, kar ka miƙa hannu a kan dokin ƙofa. Mutanen Folan sun camfa shi, sai ka shiga tukuna.

Alhaji: Ji ɗan Zariya zai koya mini gaisuwa. Tun ba a haife ka ba nake zuwa Dubai.

Tsohuwa ta buɗe, ta dubi ƙafar Alhaji, ta yi magana tana kaɗa hannu.

Bazazzagi: Ta ce kar ka cire takalmi.

Alhaji: Madalla! Ta san kaya. Ɗan Italiya ne.

Bazazzagi: Cire, Alhaji.

Alhaji: Ba kai ka ce ta ce kar in cire ba?

Bazazzagi: Irin "bismillah" ɗin mai cin tuwon da bai ishe shi ba ne. Tun safe take goge daɓen nan, ga ƙanƙara da gishirin titi a ƙafarka.

Cire takalmi dai ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, ko zauren mai unguwa ba a shiga da shi. Alhaji ya tuɓe, ya zaro leda daga aljihu, ya ƙunshe abinsa, ya maƙale a hammata.

Bazazzagi: Ga wurin ajiyewa nan fa.

Alhaji: Haka aka ce mini a masallacin Juma'a. Sau uku ina komawa gida a kan acaɓa ƙafa ba takalmi.

Tsohuwa ta jawo kwando cike da silifa, ta ce, "Kapce!"

Alhaji: Kafce? Gona ce gidan? Gaya mata ni ɗan kasuwa ne.

Bazazzagi: Sunan silifan ɗaki ke nan. Kowane gida da na baƙi. A garin Foznan ma lacki suke cewa, a Karako kuwa…

Alhaji: Wa ya tambaye ka? Shi ya sa ba a gayyatarku biki. Kuma ni da silifa? Takalmin banɗaki? Ni da na je Makka sau bakwai?

(Sau biyu ne. Sauran biyar ɗin Jidda ya tsaya sarin kaya.)

Aka dube kwando. Alhaji lamba 46 yake sawa. Na mazan duk baƙin da suka riga zuwa sun kwashe, saura guda ɗaya mai ruwan hoda, lamba 38, da kunnuwan zomo.

Alhaji: Wallahi ko a mafarki. Zan shiga da safa.

Ya ɗaga ƙafa, sai ga babban yatsa ya leƙo ta hujin safa kamar kan ƙadangare. Tsohuwa ta dafe ƙirji, ta zuba magana ba numfashi.

Bazazzagi: Ta ce sanyin daɓe zai ba ka mura, daga mura ya sauka ƙoda. Duk kakannin ƙasar nan haka suka yi imani, kuma ba a taɓa kayar da su a musu ba. Ta ce karin maganarsu shi ne baƙo a gida, Allah a gida.

Alhaji: Baƙonka annabinka ke nan. To a ina ta taɓa jin an sa wa babban baƙo kunnen zomo?

Bazazzagi: Abinci kala 12 ne a kan tebur, Alhaji, kuma a al'adarsu daren nan ba nama, sai kifi da kabeji da lemar kwaɗi. Ba maganar alade balle ka yi ta tambaya. Amma ba mai zama sai ka sa.

Alhaji ya shaƙi ƙamshin soyayyen kifi. Ya dubi zomo, zomo ya dube shi.

Alhaji: Idan hoton nan ya je Kano, sai na sa an kore ka daga jami'a.

Ya zura. Dunduniya a waje, kunnuwa na rawa, leda a hammata. A tebur ya ga faranti ɗaya ba mai shi, wanda suke ajiye wa baƙon da ba a zata ba. Ya ɗora takalminsa a kan kujerar, ya ce ai shi ma daga Italiya yake.

Bayan ƙari na uku, Alhaji ya yi shiru yana murza yatsu a cikin silifa.

Alhaji: Kai, ɗan Zariya. Abin nan da ɗumi. Gashin tunkiya ne?

Bazazzagi: Na mutanen dutse ne, daga Zakofane.

Alhaji: Tambaye ta nawa dozin. Hunturun Kano ya kama, kuma ba ruwansa da NEPA.

Bazazzagi: Alhaji, takalmin banɗaki fa?

Alhaji: Banɗakin gidanku. Ce mata kwantena ɗaya, amma a rage kunnen.