Goyon baya daban, zama ɗan ƙungiyar ƙwadago daban

Ma'aikata da yawa a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra suna ɗauka wanda ya sa rigar ƙungiya ya fita maci ran 1 ga Mayu ya zama ɗan ƙungiya. Ba haka ba ne. Ɗan ƙungiya shi ne wanda ya cika fom, sunansa ya shiga rajista, kuma yana biyan kuɗin ƙungiya, galibi ana cirewa daga albashinsa duk wata. Shi ke jefa ƙuri'a a zaɓen shugabanni, shi kuma ƙungiya ke tsaya wa in an kore shi ba bisa ƙa'ida ba.

Ga inda ake ruɗewa. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, wato Act 651, ta ce yarjejeniyar albashi da ƙungiya ta ƙulla da mai kamfani tana shafar duk ma'aikatan rukunin da aka ƙulla ta dominsu, har waɗanda ba su shiga ba. Sai mutum ya ga ƙarin albashi ya zaci yana ciki. Ranar da matsala ta same shi, sai a duba rajista a ga babu sunansa. Abin takaici ne ƙwarai. Duba takardar albashinka: in ba a cire kuɗin ƙungiya ba, je wurin sakataren reshenku ka tambaya.