Makanikai dan Allah ku daina toshe tiyon numfashin inji

Wallahi abin nan ya ishe ni. Ka kai mota gareji, yaro ya ga ƙaramin tiyon da ya fito daga saman inji ya tsage, maimakon ya ce maka oga a sayo sabo, sai ya cusa masa tsohon fulogi ya ɗaure da waya ya ce ai ba ya aikin komai. Haba malam, waɗanda suka ƙera motar ba su san aikinsu ba ne?

Haka aka yi wa tawa ban sani ba, sai da na buɗe murfin baƙin mai na tarar da wani farin abu kamar kindirmo ya manne a ciki. Da na koma wajen makanikin ko dubawa bai yi ba wai gasket ya ƙone sai an sauke kan inji, alhali ruwan lagireto bai ragu ba, mota ba ta zafi, ba ta farin hayaƙi.

Fetur in ya ƙone ruwa yake fitarwa, lita 1 tana ba da kusan lita 1 na ruwa a matsayin tururi, yawanci ya bi salansa ya fita amma wani yana sulalewa ta gefen ringin fiston ya sauka inda baƙin mai yake. Wannan tiyon da ɗan bawul ɗinsa da ake ce wa PCV su ke zuƙe shi su mayar cikin inji ya sake bi ta wuta, tun wajen 1963 ake sa wa motocin Amurka shi. In ka toshe ina tururin zai je? Ya kwanta a mai, man ya yi dagwalo, ƙarfe ya fara tsatsa, iska ta taru ta tura oyil sil, wato robar da ke hana mai yoyo, ka wayi gari mai na ɗiga ƙasan mota, kuma su ne dai za su caje ka kuɗin gyara.

Sannan ga cire tamostat da suka mayar al'ada wai ƙasarmu da zafi, alhali shi ne bawul ɗin da ke tare ruwan lagireto har inji ya yi zafi. Sai mai ya kusa digiri 100 ruwan ke ƙafewa da kyau, to mutumin da tafiyarsa daga gida zuwa makarantar yara ce da sanyin hunturu, yaushe injinsa zai yi wannan zafin?

Da tsadar baƙin mai yanzu, galan guda sai ka yi tunani kafin ka saya, a ce wani ya lalata maka shi saboda ƙyuyar zuwa kasuwar kayan gyara. Na sa an cire fulogin a gabana an sa sabon tiyo da bawul, na juye man, kuma ba mai sauke min kan inji.